Akwatin Tambaya: Ina Ake Samun Kuɗin Ceto Kayan Kakanni?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka fi yawa a akwatinmu duk kan abu ɗaya ne, wato tallafin da ake badawa don adana kayan tarihi, ina jin damina ce ta tono maganar don ita ce ke nuna wa kowa inda rufinsa yake yoyo. Na zaɓi guda biyar, na farkon zai ci mana wuri da yawa don amsarsa ta shafi sauran, masu sauran tambayoyin ku yi haƙuri ku karanta tasa tukuna.

TAMBAYA: Salam Malam barka da ƙoƙari. Kakanmu Allah ya jiƙanshi malami ne ya bar littafai rubutun hannu cike da adaka biyu da gafakoki wajen talatin a wani ɗaki kusa da zaure, akwai na larabci akwai na ajami wasu ma waƙoƙi ne, to bara da damina ruwa ya shiga ɗakin, da muka buɗe adaka ɗaya wallahi sai da nayi ƙwalla gara ta ci kusan rabi. Naji ance turawa na bada kuɗi a gyara irin waɗannan abubuwan, shine nake tambaya gaskiya ne? in gaskiya ne ina ake cike fom ɗin kuma nawa suke badawa, sannan baffana yace shi bai yarda ba wai in suka bada kuɗi kwashe littafan zasuyi su tafi dasu ƙasarsu. Na gama digiri ban samu aiki ba tukuna. Daga ɗanka a unguwar Masanawa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan kaka ya sa ilminsa ya zame masa haske. Gaskiya ne ana badawa, ba hirar teburin mai shayi bace. Amma kafin maganar fom bari in fara da abinda ya fi tsaya min a rai cikin saƙonka, garar nan. Yau ɗin nan ba sai gobe ba ka fitar da adakokin daga ɗakin da ke yoyo, ka ɗora su bisa benci nesa da bango a ɗakin da iska ke ratsawa. Wanda ya jiƙa a inuwa ake baza shi ba a rana ba, waɗanda suka manne da juna kar ka ɓamɓare su da ƙarfi, kar ka liƙa musu salatif, kar ka fesa musu fiya-fiya, kuma don Allah kar ka kai su shagon kwamfuta a narka musu leda. Na taɓa ganin gidan da aka yi wa wasiƙar kakansu haka da kyakkyawar niyya, takardar ta yi ja ta bushe a cikin ledar kuma babu halin ciro ta har abada. Sannan ka kiyaye jerinsu, littafanmu na da ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, abinda ke nuna wadda ke bin wata kalmar nan ce guda da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, in yara suka hautsina maka gafaka biyu waje ɗaya sai ka yi sati kana neman kan zaren.

In ka gama wannan sai ka sayi littafin rubutu da biro ka zauna kirga. Wannan kirgar ita ce rabin neman tallafin, kuma ita ce mutanenmu suka fi tsallakewa. Ka ba kowace gafaka lamba, ka rubuta sunan littafin in an sani, wa ya wallafa, wa ya kwafa da hannunsa don sau da yawa yana sa sunansa a ƙarshe bayan tammat, warƙa nawa ne, larabci ne ko Hausa ko Fulatanci, sannan halin da yake ciki, lafiyayye ne ko gara ta taɓa ko ruwa ya wanke tawada. In karatunka na warash bai kai ba ka nemi wani dattijo cikin almajiran kakan ya zauna da kai, su sun san littafan nan kamar tafin hannunsu. Ka riƙa ɗaga warƙa sama wajen haske, a wasu zaka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, irin wannan takarda daga Italiya ake yinta, fatake ne ke ratso hamada da ita zuwa ƙasar Hausa tun kafin zuwan turawa, to in ka ganta ka rubuta don tana taimakawa wajen gane shekarun littafi.

Dalilin da yasa na matsa kan kirga shine mai bada tallafi ba ya sakin kuɗi don an ce masa al'adunmu na ɓacewa, kowa haka yake cewa daga kowace ƙasa. Abinda yake son ji shine ga gafaka talatin da adaka biyu a wuri kaza, warƙa dubu kaza, ga abinda ke cinsu, ga mutum uku da zasu ɗauki hotonsu cikin wata kaza, ga inda za'a ajiye hotunan. Furofozal ɗin farko, wato takardar neman tallafi, da na taɓa sa hannu a ciki ni da abokaina shafi wajen ashirin muka yi, muka sa ganuwa muka sa marina muka sa dambe da tashe duk a ciki muna son ceto komai lokaci ɗaya, amsar da ta dawo layi uku ce, sun ce basu gane wane aiki ne zamu fara ranar farko ba. Kuma gaskiyarsu ne, mu kanmu bamu zauna mun tsayar ba. Shekara guda muka yi asara kafin a sake buɗewa.

Yanzu ga inda ya dace da kai. Babban laburaren Biritaniya da ke Landan yana da shiri mai suna Endangered Archives Programme, a taƙaice EAP, tun 2004 suke yinsa da kuɗin wata gidauniya mai suna Arcadia, kuma aikinsu kenan, tsofaffin takardu da hotuna da ke cikin haɗari musamman waɗanda suka girmi tsakiyar ƙarni na 20. Sun yi aiki mai yawa kan littafan Jenne a Mali, a nan Najeriya ma sun tallafa an ɗauki hoton takardun larabci na gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da waƙoƙin ajamin Fulatanci na zamanin Shehu. A kiraye-kirayensu na shekarun nan ƙaramin tallafi na gwaji yana kaiwa fam 15,000 na aikin da bai wuce shekara ba, babba kuma fam 60,000 na aikin shekara biyu. Sau ɗaya suke buɗewa a shekara, mataki biyu ne, ka fara tura gajeren fom ta intanet, in ya musu sai su gayyace ka ka cike cikakken. Ka shiga shafinsu da kanka ka karanta sharuɗɗan bana, kar ka dogara da na bara. Shawarata na gwajin zaka nema, kuma kar ka tsaya kan gidanku kaɗai, kai da kake Masanawa unguwar Wali Ɗan Masani, ga zuri'ar Wali Ɗan Marina, ga gidajen alƙalai da limamai, in ka samu gida biyar ko shida suka yarda a kirga nasu a ɗauki hoton wani sashe to takardarka ta yi nauyi.

Maganar baffa kuwa kar ka raina ta, kar kuma ka ce masa bai waye ba. Tsoronsa yana da tushe, gidaje nawa ne baƙo ya zo ya ari littafi da sunan bincike har yau shiru, ba ma sai bature ba har da namu. Amma ka gaya masa sharaɗin EAP a rubuce yake, asalin littafi ba ya barin ƙasarsa, hoto kawai ake ɗauka, ana ma iya kafa kyamarar a zaurenku yana zaune yana kallo a gama a mayar masa da kayansa cikin gafaka. Dokar Najeriya ma ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba izini. Sai dai akwai wani abu da dole ka faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, hotunan nan intanet zasu hau kyauta, kowa a duniya zai iya buɗewa ya karanta, wannan shine ladan da su suke nema. To a cikin adakar malami ba'a rasa takardun da ba na kowa da kowa bane, laƙani da sirrin gida, takardun bashi, rabon gado, shari'ar aure da sunayen mutanen da jikokinsu na nan da rai, irin waɗannan ku ware su tun farko kar su shiga lissafi. Kuma littafan nan gado ne, ba naka bane ba na baffa shi kaɗai bane, gwaggonninka ma suna da haƙƙi a ciki, a tara magada a yi musu bayani a rubuta yarda kowa ya sa hannu, in ba haka ba ranar da aka ji kalmar fam dubu goma sha biyar zumunci zai shiga wani hali.

Wanda ya kawo mu kan kuɗin. Ba a asusunka zasu faɗo ba ɗana. Yawanci sai da wata cibiya da zata karɓa ta riƙe ta yi lissafi, jami'a ko laburare ko gidan tarihi, sannan sai da wurin da zai ajiye kwafin hotunan a nan gida, kyamara da sauran kayan aiki ma in an gama a ƙasar ake barinsu don a ci gaba. Ka ɗauki littafin kirgarka ka je sashen tarihi ko na larabci a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ka leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ka shiga gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, in ka samu hali har Arewa House a Kaduna don sun daɗe cikin harkar rubutun hannu. Ka nemi malamin da ya damu da abin da gaske, kuma ko da wa zaka yi aiki ku rubuta tun farko wa zai yi me, sunanka ya fito cikin ma'aikatan aikin da alawus ɗinka a fili, ba rashin yarda bane, rubutu ne ke raba gardama.

Kasafin kuɗi kuma da lissafi ake yinsa ba da buri ba. Misali in gafaka talatin ce kowace warƙa 150, ka samu 4,500, gaba da baya hoto 9,000 kenan, in mutum biyu na iya 300 a rana to kwana 30 na ɗauka kawai, sai ka ninka saboda rubuta bayanin kowane littafi da ranakun da ba wuta da ranakun biki da rasuwa. Ka sa kyamara mai kyau da abin kafa ta, laftof, ma'ajiyar hotuna aƙalla biyu don in ɗaya ta lalace, sola ko man janareto, kwalayen ajiya marasa cin takarda, kuɗin mota, ladan dattijon da zai karanta muku. Ka je kasuwa ka tambayo farashin gaske ka rubuta canjin ranar da ka yi lissafi don naira ba ta zama wuri ɗaya. Mota da ginin ofis kar ma ka sa. Turancin kuma mai sauƙi, gajerun jimloli, ba gasar nahawu ake ba, ka haɗa da hoton adakar nan da gara ta ci don ya fi shafi goma magana. In basu baka ba a karon farko ka karanta dalilinsu ka gyara ka sake turawa, masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Mu matasa ne a Daura muna da ƙungiya ta unguwa, akwai wani tsohon soro mai daurin guga a gidan wani basarake da ya rasu, zankayensa sun zube azara ta fara leƙowa, muna so mu nemi tallafin ofishin jakadancin Amurka da muka ji ana badawa mu rushe shi mu sake gina shi da bulo da siminti yadda zai daɗe, mu sa fenti kafin sallar Gani baƙi su gani. Ya zamu yi? Bamu da rajista amma muna da shugaba da ma'aji.

AMSA: Lafiya lau samari, Allah ya yi muku albarka da kuka kula da abinda manya da yawa ke wucewa ta gabansa kullum. Amma kalmar rushewar nan ta tsorata ni. In kuka rushe kuka sa bulo to soron ya tafi, abinda zaku samu sabon ɗaki ne mai kama da shi, kuma babu mai bada tallafin tarihi da zai biya wannan. Ko yaɓen siminti a kan ginin ƙasa ma cuta ne, siminti na kulle laima a ciki bango ya riƙa ruɓewa ta ciki ba'a gani, wata rana sai ɓawon ya ɓallo gaba ɗaya da ƙasar a jikinsa. Ginin ƙasa da ƙasa ake yi masa magani, a canja azarar da ta ci, a gyara indararo ruwa ya daina bin bango, a yi yaɓe da makuba a sa laso a rufi, kuma masu wannan sanin suna nan da ransu, ku nemi Sarkin Magina da tsofaffin magina su zo su duba su gaya muku abinda ke damunsa tun kafin ku rubuta wa kowa takarda.

Tallafin da kuka ji sunansa Ambassadors Fund for Cultural Preservation, tun 2001 gwamnatin Amurka ke yinsa ta ofisoshin jakadancinta, a Najeriya ya taɓa aiki a kurmin Osun da ke Osogbo da kuma Sukur a Adamawa, wuraren nan biyu da ke jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Sukur tun 1999 Osun tun 2005. A kiraye-kirayen baya yana kaiwa har dala 500,000, amma sharuɗɗansa uku sun tsaya muku a gaba. Ba ya biyan sabon gini, ba ya gyara abinda yake mallakar wani mutum ko iyali, kuma ba ya ba ɗaiɗaikun mutane sai cibiya ko ƙungiya mai rajista wadda ta nuna ta taɓa riƙe aiki, har da wata rajista a shafin gwamnatinsu SAM.gov wadda kyauta ce amma tana cin makonni. Soron nan na magada ne, kun ga tun nan an tsaya sai in su suka yarda a rubuce ya zama na al'umma ƙarƙashin masarauta ko hukuma. Irin wannan tallafin ma ana bin sanarwar ofishin jakadancin ne a ga ko an buɗe a shekarar.

Ni a ganina kun yi nisan kiwo. Gyaran soro ɗaya in aka tare shi da wuri bai kai a tashi Amurka ba, ku fara da mai unguwa ya kai ku ga hakimi maganar ta isa fada, Daura garin da ya riƙe rijiyar Kusugu har yau ba zai rasa masu jin kishin soro ba, ga 'yan kasuwa ga 'yan asalin garin da ke Abuja da Legas, ku je musu da takarda ɗaya mai hoto da lissafin magina, azara kaza jakin ƙasa kaza ladan aiki kaza. Ku ɗauki hoto kafin aiki da lokacin aiki da bayansa, ku ajiye kowane rasit ko na ɗari biyar ne. A gefe guda ku fara rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, za'a nemi tsarin mulkinku a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, daga nan ku karɓi satifiket ɗin SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, don banki zai tambaya kafin ya buɗe muku asusun ƙungiya. Ranar da zaku nemi babban tallafi wannan ƙaramin aikin da rasitansa sune shaidarku. Sallar Gani ta bana kam ku bar ta ta wuce, gaggawa ba ta gyara ginin ƙasa, ku dai rufe inda ke yoyo kafin ruwa ya sake sauka.

TAMBAYA: Malam an turo min saƙo a WhatsApp wai UNESCO na raba tallafin raya al'adu naira miliyan biyar-biyar, ance in tura dubu goma sha biyar kuɗin fom da lambar BVN ɗina kafin juma'a. In tura? Daga Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Kar ka tura ɗan'uwa, ko sisi, kuma kar ka bada BVN, 'yan damfara ne. Duk masu bada tallafin da na ambata a shafin nan babu wanda ke karɓar kuɗin fom, kuma babu mai bin mutane a WhatsApp yana roƙonsu su karɓi kuɗi. UNESCO tana da asusun tallafi da gaske amma yawanci ta hannun gwamnatocin ƙasashe da hukumar UNESCO ta ƙasa ake bi, da furofozal da tantancewa ta watanni. Haka masu cewa ka basu kaso su shigar da kai don sun san wani a ciki, ka rabu dasu. Ka gaya wa wanda ya turo maka shi ma ya daina yaɗawa, wataƙila bai sani ba.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce, kakata a wani ƙauye wajen Mani ta haura tamanin har yanzu tana kaɗi, tun daga gurzar auduga da shiɓa har ta cika mazari, tace duk ƙauyen su uku suka rage masu iyawa kuma ba yarinyar da ke son koya. Ni ba takarda gare mu ba ba gini ba, irin wannan ma ana samun tallafi a kai?

AMSA: Ina amsawa ɗiyata, kuma tambayarki ta faranta min rai don irin kayan da kakarki ke riƙe dasu sun fi takarda saurin tafiya, takarda tana iya jira a adaka shekara ɗari, wannan kuwa a yatsun mutum yake. Eh ana samu. Gidan tarihin Biritaniya yana da shiri mai suna Endangered Material Knowledge Programme wanda aka fara a 2018, aikinsa kenan ɗaukar bidiyo da hoto da murya na yadda ake yin abu da hannu kafin masu yinsa su ƙare, saƙa, ƙira, jima, ginin tukwane, duk irinsu, akwai ƙarami na shekara ɗaya da babba na shekara biyu. Shi ma sai da cibiyar da zata riƙe kuɗin da jagora mai gogewar bincike, kuma abinda aka ɗauka intanet zai hau, don haka ki nemi wata malama a makarantarku ku haɗa kai, na ce malama don tsofaffin nan sun fi sakewa da mace, akwai waƙar da ake yi wajen kaɗi da hirar da ba zata fito ba in namiji na tsaye da kyamara a tsakar gida. Ki kuma tambayi kaka da sauran biyun ko sun yarda a ga fuskarsu, in basu yarda ba hannu kawai ake ɗauka.

Amma ɗiyata kar ki jira tallafi. Daga turawa zuwa shigowar kuɗi ana iya cin kusan shekara, mai shekara tamanin kuwa Allah ya ƙara mata lafiya ba'a yi mata alƙawarin baɗi. Hutun nan ki tafi da wayarki, ki jingina ta da wani abu kar ta riƙa rawa, ki zauna ta gefen da haske ke faɗowa kan hannunta, ki bar ta ta yi tun daga farko ba tare da kin katse ta ba, yadda take murza ƙarfe kan dutse ƙwaya na fita, yadda take taɓa alli a yatsa kafin ta murza mazari, inda take gane zare zai tsinke tun bai tsinke ba. Bayan nan ki tambaye ta sunan kowane abu da bakinta, menene bambancin abawa da zaren da ake saƙa da shi, wa ya koya mata, masaƙan wane gari ke saye a da, nawa ake sayarwa. Ki rubuta rana da wuri da sunan mai magana a kan kowane bidiyo ki ajiye kwafi wuri biyu. Minti goma mai kyau daga ciki shine zai zama hujjarki in kin zo nema. Kuma ki karɓi mazarin ki gwada da hannunki, ko da zaren zai yi ta tsinkewa, su zama su huɗu.

TAMBAYA: Malam mahaifina ya bar kaset sun fi ɗari biyu na waƙoƙin fada da wa'azi da hawan sallah da ya riƙa ɗauka da rikodarsa tun shekarun 1970, EAP ɗin nan zasu karɓa? Daga Sabon Layi.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifi. Naka ya fi dacewa da ɗan'uwan shirin, Modern Endangered Archives Program na laburaren jami'ar UCLA a Amurka, shi ma kuɗin Arcadia ne amma na kayan ƙarni na 20 zuwa yau, kaset da hotuna da jaridu da finafinai. Abinda zasu fi tambayarka shine izini, don muryoyin da ke ciki suna da masu su da magadansu, sai ka fara jera sunayen waɗanda aka ɗauka da inda iyalansu suke. Kafin nan ka fitar da kaset ɗin daga ɗakin kwano mai zafi, ka jera su a tsaye cikin kwalinsu nesa da lasifika, kar ka yi ta sa su a tsohuwar rediyo tana cinye zare, kuma ka kwafe duk abinda baba ya rubuta a bayan kowane ɗaya cikin littafi tun biron bai gama dushewa ba.